Wanke Fim ɗin Hoto da Ruwan Magani Guda Ɗaya

Fim ɗin hoto na fari da baƙi siririyar leda ce da aka shafe fuskarta da jelatin, wato wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wanda aka cuɗanya da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Idan haske ya ratsa idon kyamara ya sauka a kan waɗannan ƙwayoyi, yakan bar musu alamar da ido ba ya gani, kuma aikin mai wankin hoto shi ne fito da wannan ɓoyayyar sura fili. A tsarin da aka saba, fim yakan bi ta ruwan magani uku: na farko yana mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa, na biyu mai tsami ne da ke tsayar da aikin na farko, na uku kuwa, wanda masu sana'ar ke kira haifo, yana narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, domin kada dodon hoton ya baƙanta gaba ɗaya idan aka fito da shi sarari. Masanin nan ɗan Ingila, John Herschel, shi ne ya gano wannan aiki na haifo a shekarar 1819.

Dabarar da ake kira monobat ita ce haɗa maganin farko da na uku a mazubi guda, kuma tun a shekarar 1889 aka fara kawo shawarar yin haka. Wahalar a bayyane take, domin magungunan biyu abu ɗaya suke nema: ɗaya yana son ya mayar da gishirin azurfa hoto, ɗaya kuma yana son ya narkar da shi, har da ƙwayoyin da ke ɗauke da surar. Abin da ke faruwa a cikin tankin wanki, saboda haka, tsere ne, kuma dole maganin farko, mai fito da hoto, ya kammala aikinsa kafin haifo ya cinye abin da zai yi aiki a kai. An daɗe ana samun hotuna dishi-dishi, sai bayan da aka samu sinadarin fenidon, wanda J. D. Kendall na kamfanin Ilford ya gano amfaninsa a 1940, wanda kuma idan aka gama shi da haidirokwinon a ruwa mai kaifin alkali yakan fito da sura cikin gaggawa. Grant Haist, mai bincike a kamfanin Kodak, ya tattara ilmin wannan fanni a littafinsa Monobath Manual na 1966.

A nan ne tsarin ya sha bamban da wanda aka sani. A wanki na gargajiya agogo ne ke mulki, domin ƙarin minti ɗaya ko biyu yana ƙara wa hoto duhu da bambanci tsakanin fari da baƙi. A ruwa guda kuwa, da zarar haifo ya gama narkar da gishirin, babu sauran abin da zai ƙara baƙanta, don haka barin fim ya ɗan jima ba ya canza komai sosai. Abin da ke hannun mai wanki shi ne zafin ruwa da yawan girgiza tanki: zafi yana ƙara wa mai fito da hoto sauri, girgiza kuma tana taimaka wa haifo. Maganin Df96, wanda kamfanin CineStill na Amurka ya fitar a 2018, yana wanke yawancin finafinai cikin minti 3 a zafin digiri 27 na ma'aunin Salsiyos tare da girgiza ba tsayawa, ko cikin minti 6 a digiri 21 da girgiza kaɗan. Wannan ya fi dacewa da ƙasashe masu zafi a kan digiri 20 da wanki na gargajiya ke bukata, ko da yake a bazarar Kano ko Damagaram ruwan famfo kan wuce digiri 27 ɗin ma, sai an sanyaya shi.

Sauƙin yana da farashinsa. Kowane fim da aka wanke yana barin narkakkiyar azurfa a cikin maganin, wadda sinadarin fito da hoto ke mayarwa baƙar laka da kan manne wa fim na gaba idan ba a tace ba, kuma ƙarfin maganin yana raguwa ta yadda sai an riƙa ƙara lokaci. Finafinai masu shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi, irin su T-Max na Kodak, suna bukatar ninkin lokacin kafin su washe. Mai ɗaukar hoton da ke son daidaita wanki da yanayin hasken da ya yi aiki a ciki, ko kuma mai son hotunansa su fito iri ɗaya daga fim zuwa fim, zai ga cewa tsohon tsari ya fi ba shi iko, kuma wanke fim da ruwa mai tsabta a ƙarshe wajibi ne a kowanne.

Inda dabarar ta fi nuna amfaninta shi ne wurin da babu ɗakin duhu ko hannun mutum. Kumbuna biyar na Lunar Orbiter da hukumar NASA ta harba a 1966 da 1967 sun wanke fim ɗinsu suna kewaya wata, ta hanyar Bimat ta Kodak, inda ake manna fim da wata leda da aka jiƙa da haɗaɗɗen maganin, sannan a busar da shi, na'ura ta karanta hoton ta aiko da shi duniya ta rediyo.