Kiristocin Adar: haƙuri a ƙasar duwatsu

Masu iya magana sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Duk wanda ya bar birnin Tawa ya nufi arewa maso gabas, wajen Barmu, ya san dalilin da ya sa mutanen Adar suka riƙe wannan magana da hannu biyu. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da fako, inda damina ɗaya ke cika rumbu, ta biyu ta bar shi wayam, inda kuma samari ke watsewa da zarar an gama girbi, su tafi biɗa Abijan, Legas ko Libiya. Musulunci ya daɗe da kafuwa a nan. Amma a cikin wannan jama'a akwai waɗansu ƴan ƙalilan da ba a cika jin labarinsu ba, wato Kiristoci. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, a arewacin Adar kuwa sai an bincika kafin a same su.

Su wane ne?

Kiristan da ake gani a Tawa da garuruwan da ke kewaye da ita iri uku ne. Akwai ma'aikacin gwamnati da aka turo aiki daga wata jaha: malamin lakwal, malamin asibiti, soja ko jandarma. Akwai baƙon da sana'a ta kawo shi daga Benin, Togo, Burkina Faso ko Nijeriya: makaniki, tela, mai sayar da kayan mota. Sannan akwai ɗan ƙasa, Bahaushe, wanda iyayensa ko kakanninsa suka karɓi addinin a hannun ƴan mishan. Na ukun nan shi ne ya fi ɗaukar nauyi, domin baƙo in ya ga dama ya koma gida, shi kuwa nan ne gidansa.

Tushen abin ya kai shekara ɗari. Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a shekarar 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa zango a Tsibiri, kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, abin da ya sa har yau yawancin masu bin wannan ɗarika da Hausa suke karatu da addu'a. A 1950 wani likita Ba'amurke, Burt Long, ya buɗe asibitin Galmi, a kudancin jahar Tawa. A farkon shekarun 1960 Kiristocin ƙasa suka kafa ekilisiyarsu ta EERN. Ƴan Katolika su ma suna da majami'a a Tawa, wadda tun 2001 ta shiga ƙarƙashin yankin bishop na Maraɗi, inda aka naɗa Ambroise Ouédraogo, ɗan asalin Burkina Faso, bishop na farko.

Ko a Barmu, mutumin da bai taɓa ganin ƙofar majami'a ba ya san sunan Galmi, kuma ba don albasarta kaɗai ba. Idan ciwo ya fi ƙarfin likitar gari, sau da yawa akan sayar da akuya ko tunkiya, a biya kuɗin mota zuwa Tawa, a bi hanyar Ƙonni har mararrabar Tsernawa, a karkata gabas. Mafi yawan marasa lafiyar da ke kwana a asibitin Musulmi ne, ba a kuma tambayar addinin mutum kafin a duba shi.

Yunwa ba ta tambayar addini

Jarrabawa ta farko ita ce wadda kowa ke sha. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da dabbobin Azawak. Na 1984, wanda jama'a suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ya kori garuruwa sukutum zuwa bakin birane. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan daminar 2004, jahohin Tawa da Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ma'aikata kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da darajar kuɗin Sefa ta faɗi da rabi, ga bashin albashi na watanni. Haka ƴan kasuwa ba su manta da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba, wanda ya sa shinkafa da magani suka yi tsada kafin a ɗage shi a Fabrairun 2024.

A irin waɗannan lokuta, abin da ke raba Kirista da maƙwabcinsa shi ne faɗin dangi. Bamusulme na da zakka da sadaka da dangin da suka bazu gari gari. Kiristan da ya fito daga gidan Musulmi kuwa, wani lokaci ya riga ya rasa rabin wannan igiya. Abin da ke maye masa gurbinta shi ne baikon ranar Lahadi: tiyar hatsi daga wannan, ƴan kuɗi daga wancan, zumuntar mata ta tara ta kai wa gwauruwa ko mai jinya. Fastoci da yawa a karkara manoma ne, gonarsu ke ciyar da su. Labarin Ayuba, wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya bai saki Ubangijinsa ba, na cikin abin da aka fi wa'azi a kai. Musulmi ma sun san shi sarai, shi ya sa mai jinyar Kirista da na Musulmi kan fahimci juna a tabarma ɗaya.

Daga cikin irin wannan ƙunci ne wani abu ya fito da ya amfani ƙasa baki ɗaya. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya kusa fid da rai daga aikin dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi, don galibin abin da aka dasa mutuwa yake yi. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, bayan ya yi addu'a a bakin hanya ne ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sassabewa rassan kututture ne masu saiwa da rai. Ya shawarci manoma su bar ƴan rassa, su riƙa yi musu aski. Manoma, galibinsu Musulmi, suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta, har masu bincike suka ƙiyasta ta shafi kimanin eka miliyan 5 irin ta awon Faransa a kudancin Nijar.

Abin da ba a faɗa a fili

Jarrabawa ta biyu a cikin gida take. Saurayi Kirista a ƙaramin gari kan rasa wadda zai aura, sai ya nemi mata a Maraɗi ko Dogon Dutsi. Wanda ya bar addinin iyayensa yakan ga gado ya wuce shi, domin a karkara al'ada da hukuncin malamai ake bi wajen rabo. In an yi rasuwa, akwai tambayar inda za a binne. Malamin lakwal da aka turo ƙauyen da babu majami'a kusa, Lahadinsa a ɗaki yake yin ta, shi da iyalinsa da littafinsa. Ƴaƴansa kan dawo gida da kalmar da wani yaro ya jefa musu, arne ko kafiri, sai uwa ta zauna ta koya musu yadda za su amsa ba tare da zagi ba, gobe kuma su koma wasa da yaran nan.

Duk da haka, zaman yau da kullum ya fi abin da ake zato sauƙi. Ranar Sallar Layya nama kan shiga gidan Kirista, ranar Kirsimeti kwano kan fita zuwa gidan maƙwabta. Ana zuwa sunan juna da gaisuwar mutuwa. A kasuwa kuwa, abin da ɗan kasuwa ke dubawa shi ne wanda ke biyan bashi a kan lokaci.

Ranakun tsoro

Wannan zama ya sha girgiza. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, wanda shi kansa ɗan jahar Tawa ne, ya yi tir da abin, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Shugabannin Kiristoci sun yi kira ga mabiyansu da su yafe, kada su rama. An kuma samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu har ƙura ta lafa.

A ranar 14 ga Oktoba 2016, ƴan bindiga suka shiga Abalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, suka kashe mutum biyu da ke gadi, suka sace Jeffery Woodke, Kirista Ba'amurke da ya shafe sama da shekara 20 yana aikin rijiyoyi da makarantu tare da Buzaye da Fulani. Bai samu kansa ba sai 20 ga Maris 2023, bayan shekara 6 da wata 5. Amma wutar nan ba ta zaɓe: a ranar 21 ga Maris 2021, a garuruwan yankin Tiliya, mutum 137 aka kashe bisa ƙirgar gwamnati, a cikin al'ummar Musulmi makiyaya. Tun da tsaro ya taɓarɓare, turawan mishan sun rage shiga daji, nauyin ya koma kan ƴan ƙasa, waɗanda ba su da jirgin da zai kwashe su.

Hakkin maƙwabci

Kiristan Adar bai da yawan da zai sa ɗan siyasa ya nemi ƙuri'arsa. Kariyarsa na hannun mutanen da yake hulɗa da su kullum: magajin garin da ake roƙo filin maƙabarta, shugaban lakwal da ya ji yadda ake kiran wani yaro a fili, ma'aikacin da takardar neman izinin gini ta iso teburinsa, mai gidan haya, da limamin unguwa da maganarsa ɗaya ke iya tayar da samari ko ta zaunar da su. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mai karatu da ke da shago ko ofis a Tawa na iya duba wanda ke maƙwabtaka da shi, ya tambayi kansa abin da zai yi in wata rana aka taso wa gidan nan. Allah ya zaunar da Adar lafiya, ya kawo damina mai albarka.