Shin Ko Kun San? Algaitar Turawa da Gidajen da Ke Sassaƙa Ta

Shin ko kun san algaitarmu ta ƙofar fada tana da 'yar'uwa a Turai? Obo ake ce mata. Dukansu ɗan kara ne mai baki biyu ke kaɗawa ya ba da murya, kuma danginsu ɗaya da zurna ta Turkawa da gaita ta Maroko. Mai algaita yakan zura karan duka cikin baki ya kumbura kumatu, mai obo kuwa da leɓe yake riƙe nasa. A tsakiyar ƙarni na 17, zamanin Sarki Louis na 14, Faransawa suka shigar da ita ɗaki suka rage mata kaifi, daga baya aka yi ta jera mata maɓallai masu ruwan azurfa har ta koma kamar amarya. Sunan ma daga Faransanci ya fito, hautbois, wato itace mai ɗaga murya.

Shin ko kun san ita ke fara magana a okestira? Kafin a soma kiɗa, mai obo ne ke busa murya guda, sauran makaɗa wajen tamanin ko ɗari su daidaita kayansu a kanta. Muryar tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa a Ingila da galibin Amurka, sau 442 ko 443 a yawancin Turai. Wannan ɗan bambancin da kunnena da naku ba za su kama ba, shi ne farkon rabuwar kai tsakanin masu sassaƙa ta.

To, wane gida ne ya fi iya sassaƙa obo? Ku tambayi ƙwararru goma, za ku ji amsa kusan biyar, kuma kowace amsa da rantsuwa take zuwa. Wanda ya san harkar, da ya hangi abin da ke hannun mabushi zai iya cewa ga inda ya yi makaranta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Shin ko kun san obon da Amurkawa suka fi girmamawa a birnin Faris ake yin ta? Gidan F. Lorée ke nan. François Lorée ya buɗe shi a 1881, bayan ya yi shekaru yana shugaban ma'aikata a gidan Triébert, waɗanda suka tsara jerin maɓallan da duniya ke bi har yau. Malamin obo na babbar makarantar kiɗa ta Faris, Georges Gillet, ya zaɓi wannan tsari ga ɗalibansa, shi ya sa ake kiransa tsarin Conservatoire, wato sunan makarantar. A 1906 Gillet da Lucien, ɗan François, suka fito da samfurin da aka rufe ramukan yatsu da faifai. Kusan duk obon ƙwararru da za ku gani yau jikar wannan ce, ko ma wane suna aka buga a jikinta.

Yadda Lorée ta ci Amurka kuwa, labarin mutum ɗaya ne. Marcel Tabuteau, ɗalibin Gillet, ya tsallaka teku a 1905, ya zama babban mai obo na okestirar Philadelphia daga 1915 zuwa 1954, yana kuma koyarwa a makarantar Curtis. Lorée yake busawa. Ɗalibansa suka watsu suka kama manyan kujeru: Harold Gomberg a New York, ƙanensa Ralph a Boston, John Mack a Cleveland, John de Lancie kuma ya gaji kujerar malam a Philadelphia. Su ma suka yaye nasu ɗaliban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron da ke son ya ci jarrabawar shiga okestira, me zai kai shi sayen abin da malaminsa da alƙalan jarrabawar ba su saba ji ba? Ban ce Lorée ba ta cancanta ba. Masu ita suna yabon sassaucinta, wai tana bin mabushi duk inda ya juya ta. Amma a ganina rabin sunanta a Amurka aikin masassaƙa ne, rabi kuma albarkar Tabuteau.

Shin ko kun san a Faransar kanta ba Lorée ce ke jan zarenta ba? Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Manyan mabusa na can da na maƙwabta sun fi karkata ga Marigaux da Rigoutat da Buffet Crampon. Marigaux ta soma a 1935, haɗin gwiwar mutum uku, Strasser da Marigaux da Lemaire, kuma ma'aikatarta na La Couture-Boussey, wani ɗan ƙauye a Normandi da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sana'ar kayan busa. Ana yabonta da murya mai kauri da taushi. Samfurinta na 901 ya zama kamar shinkafar gida a okestirorin Turai, sannan ta zo da M2, wadda aka gajarta gaɓarta ta sama yadda mabushi zai iya cire kan ya sa wani. Dabara ce, domin nan ne wurin da ya fi tsagewa. François Leleux, ɗaya daga cikin gwanayen wannan zamani, Marigaux yake busawa.

Rigoutat kuwa, tun 1922 take, sana'ar kaka da ɗa da jika. Muryarta ta fi haske da saurin amsawa, kuma wanda ya ɗaga sunanta shi ne Heinz Holliger ɗan Suwizalan, mutumin da ya sa obo ta yi abubuwan da a da ake cewa ba za ta iya ba, har da fitar da murya biyu ko uku a busa ɗaya. A 2019 Buffet Crampon ta saye gidan.

Shin ko kun san akwai obon da da garin katako ake yin ta? A 1994 Buffet Crampon ta fito da Green Line: kashi 95 cikin ɗari garin itacen da ya zube wajen sassaƙa ne, a cuɗa shi da zaren kabon da ƙaro mai ƙarfi a matse. Zafi da sanyi ba sa tsaga ta, ko da yake in ta faɗi ƙasa takan karye. Da farko masu ra'ayin 'yan mazan jiya sun taɓe baki. Sai ga Albrecht Mayer, babban mai obo na okestirar Berlin tun 1992, yana busa ta a gaban duniya, bakin mutane ya mutu. A 2009 shi ɗin dai ya koma wa gidan Jamusawa na Gebrüder Mönnig da ke Markneukirchen, inda aka yi samfuri da sunansa tare da masassaƙi Ludwig Frank na Berlin. Nan da nan sunan gidan ya ƙara tashi. Kun ga dai abin da nake faɗa: inda babban mabushi ya sa ƙafa, nan kasuwa ke ci.

Ingila, kamar yadda ta saba, ta ware da nata. Yara da yawa a can suna koyo ne da wani tsarin yatsu da ake danna ɗan faifai da babban yatsan hagu, abin da ba a cika gani ba a Faransa ko Amurka. Gidan Howarth, wanda aka kafa a 1948, yana da shago a titin Chiltern a Landan, ma'aikata kuma a Worthing ta bakin teku. Samfurinsa na XL ya samu shiga har a Amurka, inda ake yabon daidaiton muryoyinsa.

Shin ko kun san akwai gidan da a da sai mutum ya yi shekaru a layi kafin ya samu obo ɗaya? Laubin ke nan, wanda ya daɗe a garin Peekskill na jihar New York. Alfred Laubin mabushi ne da ya gaji da kayan da ke kasuwa, ya sassaƙa tasa a 1931. An ce cokulan azurfar matarsa ya narkar ya yi maɓallan. Ko me ta ce da shi ranar, Allah masani. Ɗansa Paul ya ci gaba da sana'ar har ya rasu a 2021, kuma a zamaninsa abin da suke fitarwa a shekara bai wuce 'yan gomiya ba. Ƙarancin ma wani ado ne. Can Indiana kuma akwai Fox, wanda Hugo Fox, tsohon mai busa basun (babbar 'yar'uwar obo) a okestirar Chicago, ya kafa a 1949. Obonsu ta roba ita ce dokin aikin makarantu, kuma ƙwararru kan ajiye ɗaya don ranar da za a yi wasa a fili cikin sanyi.

Wannan ta fi ba ni mamaki. Shin ko kun san okestirar Vienna ba ta busa obon Faransa sam? Tana da tata, mai kumburin kai kamar albasa, wadda Josef Hajek ya tsara wajajen 1880 bisa wata tsohuwa ta Carl Golde na Dresden. Garin guda ne kasuwarta. Da aka kai shekarun 1970, masu iya sassaƙa ta sun kusa ƙarewa, mabusa na ta lallaɓa tsofaffin da suka gada. Wa ya kawo ɗauki? Yamaha ta Japan, wadda mu nan muka fi sani da babur da janareta. Ita ta zauna da mabusan Vienna ta koyi sirrin, ta shiga yi musu a shekarun 1980.

Shin ko kun san duk wannan gardama a kan itacen Afirka ake yin ta? Lorée, Marigaux, Howarth, Yamaha, kusan dukansu itace ɗaya suke saye: baƙin itacen da Turawa ke kira grenadilla, masu Suwahili kuma mpingo. Yana tsirowa tun daga Senegal har Eritiriya zuwa kudancin nahiyar, amma na sassaƙa daga Tanzaniya da Mozambik ake fitar da shi. Nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa. Bishiyar kan kai shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara, kaɗan ne daga jikinta ke fita ba tsaga ba rami, sannan a jibge guntayen shekaru suna bushewa. A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe ta sa dangin itacen cikin waɗanda sai da takarda za su tsallake iyaka, makaɗa suka shiga zullumi a filayen jirgi, sai a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka riga aka gama. Obon ƙwararru sabuwa yau ta haura dala 10,000. Nawa ne daga ciki ke komawa ƙauyen da aka sare bishiyar? Ku yi lissafin da kanku.

Duk tsadarta, tsagewa take yi. Ramin da ke samanta bai fi milimita 4 ba, katakon kuwa kauri gare shi. Numfashi mai ɗumi ya jiƙa ciki, waje na bushe cikin sanyi, sai ka ji labari ya canja. Iskar hunturu irin tamu ai ajalinta ce. Shi ya sa za ku ga mabushi ya cusa gaɓar sama a hammata yana ɗumama ta kafin ya busa, sabuwa kuma minti goma ko sha biyar kawai ake busa ta a rana har ta saba. A akwatinsa akwai takardar naɗin taba don tsotse ruwa daga ƙarƙashin maɓalli, wasu har da gashin talotalo na share ciki.

Shin ko kun san da yawa daga ƙwararrun sun fi ɓata lokaci da wuƙa fiye da yadda mai kallo zai zata? Karan bakin nan, wanda ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa, su suke naɗa shi da zare a kan 'yar bututu, su jiƙa a ɗan kofi, su yi ta kankara har bakinsa ya fi takarda siranta. Kwana kaɗan ya mutu, a koma wani. Amurkawa doguwar kankara suke yi, gadon Tabuteau, Turawa kuma gajera. Karan da aka fere don Lorée ba lalle ya yi daɗi a Marigaux ba, don haka mai sauya gida sai ya sake koyon riƙon wuƙa. Mutum ya gwada obon wani gida da karan gidansu, ya ce ba ta da kyau, ya tafi yana yaɗawa. Suna nawa aka ɓata ta haka?

Akwai kuma gardamar da ba ta ƙarewa. Ƙwararru da yawa a Amurka sun yi imani obo tana gajiya: bayan shekara uku zuwa biyar ana hura ta, ramin ya sauya, murya ta saki, sai a sayar wa ɗalibi a sayo sabuwa. Masu sayarwa ba su taɓa musa wannan ba. Amma Léon Goossens, gwanin Ingila da Vaughan Williams ya rubuta wa kiɗa, wanda ya rasu a 1988 yana da shekara 90, Lorée guda ɗaya ƙirar 1907 ya busa kusan duk rayuwarsa. Ko da ya yi haɗarin mota a 1962 ya rasa haƙora, leɓensa ya yage, sabon riƙon baki ya koya, ya koma fage da tsohuwar abarsa.