Shin Ko Kun San? Daga Angurya Zuwa Man Shafawa: Neman Maganin Tazarar Haihuwa na Maza

Shin ko kun san tun 1960 aka amince da ƙwayar tazarar haihuwa ta mata a Amurka, amma har yau abin da ke hannun namiji bai wuce uku ba? Kwaroron roba, ɗaure jijiyar maniyyi, sai azalu da malamanmu suka daɗe suna tattaunawa a littattafan fiƙihu.

Matsalar ta ƙidaya ce. Mace ƙwai ɗaya take saki a wata, shi kuwa namiji miliyoyin ƙwayoyin maniyyi jikinsa ke ƙerawa kullum. Sai sun ragu ƙasa da miliyan 1 a kowace mililita kafin likitoci su ce magani ya ci.

Ko kun san angurya, wadda manoman audugar Zamfara suka sani sarai, ta taɓa shiga wannan fage? A wasu ƙauyukan ƙasar Sin an lura haihuwa ta ja baya inda ake girki da ɗanyen man angurya. Aka bi diddigi, aka gano wani sinadari a cikinta mai suna gossypol. A shekarun 1970 an gwada shi kan dubban maza, ya kuma yi aiki, har ma ya zarce: wasu fotashiyam ɗin jininsu ya faɗi, gaɓɓai suka saki, wasu kuma haihuwar ba ta dawo ba ko bayan sun daina sha. Dole aka jingine shi. Tataccen man da ake sayarwa a kasuwa an rage masa wannan sinadari, kada wani ya tsorata da miyar gidansa.

Dakushe haihuwar namiji abu ne mai sauƙi, dawo da ita ne aiki. Dalmar da ta yi ɓarna a Abare da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara aƙalla 400 sanadin niƙa duwatsun zinare cikin gida, ita ma tana rage maniyyi. Masu haƙar zinare su lura.

Ko kun san an taɓa gwada allura kan maza 320 da hannun Hukumar Lafiya ta Duniya? Ta hana ciki sosai, amma aka tsayar da gwajin a 2011 saboda ƙuraje da sauyin hali, har da damuwa mai tsanani. Mata da suka ji labari sun ce ai su sun daɗe da irin wannan.

A Indiya akwai RISUG, allurar da ake yi cikin jijiyar maniyyi. Akwai kuma ƙwayar YCT-529 da aka fara gwadawa kan maza 16 a Ingila.

Wanda ya fi nisa cikin magungunan da ke aiki da sinadarin homon shi ne man shafawa na Nestorone da testosterone, da aka fara babban gwajinsa a 2018, har da Kenya cikin ƙasashen. A kafaɗa ake shafa shi kullum, sannan maigida ya sa riga, don kada man ya gogi uwargida ko yaro. Babu ɗayansu da ya shigo kemis tukuna.