Suna da Jini: Me Sunan Yalwa Ke Faɗa Game da Asalin Mai Shi?

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa kiran rajista a wata makarantar sakandare ta kudancin Jihar Kano ya san yadda sunayen garuruwa suke jeruwa a bayan sunayen ɗalibai: wane Rano, wane Kibiya, wane Rurum, wane Tarai, can kuma sai a ji wane Yalwa. Idan aka sami ɗalibai biyu masu amsa Yalwa a aji ɗaya, baƙon malami yakan ɗauka wa da ƙane ne, musamman da yake sunan ba ya cikin waɗanda ake yawan ji. Sau da yawa kuwa wannan zato ba ya zama gaskiya. Tambayar da ta taso ita ce: yaushe ne suna yake zama shaidar dangantaka ta jini, yaushe kuma yake zama adireshi kawai? Amsar tana da ɓangaren tarihi, tana da na lissafi, tana kuma da na ilmin halitta.

Asalin sunan da ma'anarsa

Kalmar yalwa Bahaushiya ce, ma'anarta wadata da sarari, kamar yalwar abinci ko yalwar ƙasar noma. Saboda fatan alherin da ke cikinta ne aka raɗa wa wurare da dama wannan suna. Akwai Yalwa ta yankin Rano, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rano. Akwai unguwar Yalwa a cikin birnin Kano. Akwai Yalwa ta ƙasar Yawuri a Jihar Kebbi, da ta Bauchi, da kuma ta Shandam a Jihar Filato, waɗanda aka fi rubuta su da Yelwa. Har wa yau akan yi wa 'ya mace laƙabi da Yalwa idan an haife ta a lokacin wadata. Ke nan mutum biyar za su iya amsa Yalwa alhali kowannensu da inda ya ɗebo nasa.

A al'adar Hausawa ta asali babu sunan dangi wanda ake gado kaka da kakanni. Abin da aka sani shi ne sunan yanka da ake raɗawa ranar suna, sai laƙabi irin su Ɗanladi da Talatu da Tanko da Gambo da Auta, sai kuma a jingina mutum ga mahaifinsa, a ce wane ɗan wane. Buƙatar suna na biyu a rubuce ta zo ne da makarantar boko da ofisoshin Turawa, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Aji guda yakan tara Muhammadu da Abubakar barkatai, dole a sami abin rarrabewa. Ga kuma kunya, wadda ta sa yaro ba ya son a riƙa ambaton sunan mahaifinsa a bainar jama'a. Sai sunan gari ya zama mafita. Malam Aminu Kano ɗan Malam Yusufu ne, amma da Kano aka san shi. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Abubakar Rimi, dukkansu sunayen garuruwansu suka ɗauka.

Abin da ɗa yake gada daga uba

A cikin ƙwayoyin halitta na jikin mutum akwai wasu zarurruka masu ɗauke da bayanan gado, waɗanda masana suke kira kuromosom. Adadinsu 46 ne, an jera su biyu-biyu sau 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyun ƙarshe su ne suke tantance jinsi: mace tana da X da X, namiji kuwa X da Y. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ita ce ta nuna haka a 1905 ta hanyar nazarin wani ƙwaro. A 1990 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke kan Y wadda take sa ɗan tayi ya zama namiji.

Tun da uwa ba ta da Y, ɗa namiji daga mahaifinsa kaɗai yake samun nasa, shi ma mahaifin daga nasa mahaifin. Bugu da ƙari, mafi yawan zaren Y ba ya cuɗanya da sauran zarurrukan, saboda haka yana gangarowa kusan yadda yake, sai ɗan sauyi jefi-jefi. A ƙasashen da ake gadon sunan dangi ta wajen uba, suna da Y hanya ɗaya suke bi, tamkar abokan tafiya.

An jarraba wannan a Ingila, inda yawancin iyalai suka mallaki sunan dangi tun wajen shekara ta 1400. A 2000 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada mazan da suke amsa sunansa, ya tarar kusan rabinsu Y ɗinsu iri ɗaya ne. A 2009 Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester suka bi diddigin sunaye 40, suka gano cewa gwargwadon ƙarancin masu suna, gwargwadon yiwuwar kakansu ɗaya ne. Sunan Smith, wanda ma'anarsa maƙeri, bai nuna tsatso ɗaya ba, domin kowane gari yana da maƙerinsa. Tun a 2007 ma waɗannan masana suka ci karo da wani abin mamaki: cikin Turawa 18 masu wani suna da ba kasafai ake jin sa ba, wanda tushensa yake yankin Yorkshire, guda 7 suna ɗauke da wani nau'in Y da aka san shi a Afirka ta Yamma. Su kansu ba su da labari. Suna ne ya kai masu bincike ga jinin.

To, amma Yalwa ta fi kama da Smith. Ba daga mutum ɗaya ta fito ba. Manomi da maƙeri da makiyayi da baƙon da ya zauna shekara ashirin, duk 'ya'yansu suna iya rubuta Yalwa a takardar makaranta. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Sunan da ya bi jini

Ba a rasa misalin ɗaya ɓangaren ba a ƙasar Kano. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin Agalawa fatake, sunan mahaifinsa Abdullahi. Wata dattijuwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan aka riƙa ce masa Ɗan Tata. Ya rasu a 1955, amma laƙabin ya zauna wa 'ya'yansa, irin su Sanusi Ɗantata da Aminu Ɗantata, ya kuma gangara zuwa jikoki. Wannan suna mutum ɗaya ne tushensa, don haka yana tafiya tare da Y, daidai da sunayen Ingila marasa yawa.

Sai dai ko a nan ma suna ba ya ba da labarin jini gaba ɗaya. Aliko Ɗangote jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen mahaifiyarsa. Bai ɗauki sunan ba, bai kuma gaji Y na gidan ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gadon jikinsa daga wannan kaka yake, daidai da kowane jika mai amsa sunan. Idan aka koma baya hawa goma, kowane mutum yana da gurabun kakanni 1,024, suna kuwa daga guda ɗaya tak yake zuwa.

Yadda sunaye suke mutuwa

Me ya sa wani suna yake cika gari, wani kuma yake ƙarewa? A 1873 Francis Galton ya jefa wannan tambaya ga masana lissafi a Ingila, wani limamin coci mai suna Henry Watson ya amsa ta, ko da yake Bafaranshe Bienaymé ya riga su tun 1845. Kafin nan mutane sun ɗauka cewa gidan da sunansa ya ɓace rauni ne ya kama zuriyarsa. Lissafi ya nuna cewa katari kaɗai ya isa.

A ɗauka akwai ƙauye mai magidanta 100, kowa da sunansa daban, kowa kuma 'ya'ya biyu yake haifa. Cikin huɗu, ɗaya zai sami mata biyu, biyu za su sami mace da namiji, ɗaya zai sami maza biyu. Wanda ya sami mata zalla sunansa ya tsaya daga nan. Saboda haka a hawan 'ya'ya sunaye kimanin 75 ne za su rage, a hawan jikoki 61, a hawan tattaɓa-kunne 52, a hawa na huɗu 45, a na goma kuwa 26 kacal. Yawan mazan ƙauyen bai ragu ba. Abin da ya faru shi ne sunayen da suka tsira sun cinye gurabun waɗanda suka mutu. A 1931 Alfred Lotka ya yi irin wannan lissafi da alkaluman ƙidayar Amurka ta 1920, ya sami cewa yiwuwar zuriyar maza ta mutum ɗaya ta yanke daga ƙarshe ta haura kashi 80 cikin 100.

Malami zai iya nuna wannan a aji ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A zuba wake fari da ja, adadi ɗaya, a cikin jaka. Kowane ɗalibi shi ne mai gida, da sunansa. Ya zari wake sau biyu, yana mayarwa bayan kowace zara, fari mace, ja namiji. A hawa na gaba ya zara sau biyu a madadin kowane ɗa namiji da ya samu. A aji mai ɗalibai 40, kafin a kai hawa na huɗu sunayen da za su rage ba za su yi nisa da 18 ba.

Wannan lissafi shi ne dai masana halitta suke amfani da shi wajen bayyana yadda wata ƙwayar gado take ɓacewa daga ƙaramar al'umma ba don ta kasa ba. Shi ya sa hankalin masana ya tashi lokacin da raƙuman dawa na yankin Kure a Jamhuriyar Nijar suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996: garke in ya ƙanƙance, abin da ya ɓace daga gadonsa ba ya dawowa da sauƙi.

Darasi daga wasu ƙasashe

Inda sunan dangi ya daɗe, sunaye kaɗan ne suke mamaye jama'a. A Koriya ta Kudu, mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. Inda kuwa abin sabo ne, sunaye sukan yi yawa, masu kowane suna kuma su yi kaɗan. A ƙasar Tailan sai a 1913 aka kafa dokar sunan dangi, aka kuma hana iyalan da ba su da dangantaka su haɗa suna. A maƙwabciyarta Laos, sai a 1943, ƙarƙashin mulkin Faransa, aka wajabta shi. Iyalai suka riƙa harhaɗa kalmomi masu daɗin ma'ana, da yawansu daga harsunan addininsu na da, wato Pali da Sanskirit, kamar vong mai nufin zuriya da chanh mai nufin wata. Abin da ya sa ke nan ake samun dogon suna na Laos wanda masu amsa shi 'yan ƙalilan ne a duniya.

Daga nan za a fahimci cewa dalilai uku ne suke sa suna ya yi ƙaranci. Ko dai sabo ne bai yaɗu ba, ko tsoho ne ya kusa ƙarewa, ko kuma rubutu ne ya raba shi, kamar yadda Yalwa da Yelwa suke zama sunaye biyu a idon mai ƙidaya.

Kammalawa

Ƙasar Hausa ta fi kusa da Laos a wannan fage, domin yanzu ne sunayen dangi suke kafuwa. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ga mai neman shiga jami'a, kuma saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardu yana iya jawo wa ɗalibi jinkiri da wahala. Sunan da yaro ya rubuta yau, ko na mahaifi ne, ko na kaka, ko na gari, mai yiwuwa shi jikokinsa za su tarar. Ya kamata a zaɓe shi da shawarar iyaye, a kuma tsaya a kan rubutu ɗaya. Suna linzami ne, in ji Hausawa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Suna ba ya maye gurbin gwajin jini. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma idan masu AS biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko sunansu ɗaya ko daban, ko daga Yalwa suka fito ko daga Kibiya. Mai son sanin asalinsa ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna raye, ya rubuta sunayen kakanni na wajen uba da na wajen uwa. Mai son sanin abin da zai gadar wa 'ya'yansa kuwa, asibiti ya kamata ya nufa kafin a sa rana.