Ba a Gane Naman Kaza da Ido

Da zarar damina ta yi tsakiya sai hotuna su fara yawo a WhatsApp da Facebook. Wani ya tsinko naman kaza a bakin magudanun ruwan Bakolori ko a jikin suri a dajin Maradun, ya ɗora yana cewa an samu sabon iri, jama'a kuma su yi ta ba shi fatawa. Wannan ya ce ana ci, wancan ya ce ai maganin ciwon sukari ne. Abin ya ishe ni. Mutum bai ko taɓa abu ba, amma daga hoto ya yanke hukunci a kan abin da za a zuba wa yara a tukunya.

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, ba tsiro ba ne irin gero ko dawa. Ainihin jikinsa zare-zare ne a cikin ƙasa, laimar da muke gani kuwa ita ce ke zubar da ƙurar iri daga siraran shafukan da ke jere a ƙarƙashinta. Masanan lambun Kew na Landan sun ƙiyasta a 2023 cewa dangin wannan halitta sun kai nau'i miliyan 2.5, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba a raɗa musu suna ba. Don haka ba abin mamaki ba ne a ce akwai nau'in da ba a sani ba tsakanin Talata Mafara da Bakura. Amma kafin masani ya ce sabo ne, sai ya duba ƙurar irin a na'urar hangen ƙananan halittu, ya yi gwajin DNA, ya adana busasshen samfuri, ya wallafa bayani, kuma tun daga 2013 wajibi ne ya yi wa sunan rajista a rumbu irin su MycoBank. Wanda aikinsa ke nan bai yarda da idonsa ba, balle ni da kai.

Maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: "Idan ƙwari sun ci, ko akuya ta ci, mutum ma zai ci, kuma idan an tafasa sosai gubar ta mutu." Wannan ƙarya ce mai kisa. Naman kazan da ya fi kashe mutane a duniya, Amanita phalloides, tsutsotsi da dangin dodon koɗi suna cinsa lafiya lau. Hantar ɗan Adam ce ba ta ɗaukarsa. Gubarsa ba ta jin wuta, ba ta jin shanya, ba ta jin gishiri. A 2023 mutum uku suka mutu a jihar Victoria ta Ostareliya bayan sun ci naman da aka gasa da shi, gashi mai kyau ba ɗanye ba. Kuma waɗanda suka ci suka tsira sun sha faɗin cewa yana da daɗi, saboda haka batun ɗanɗana a ji ɗaci ma shirme ne. Muguntarsa ita ce jinkiri. Sai an yi awa 6 zuwa 24 kafin amai da gudawa su taso, sannan mutum ya ji kamar ya warke, alhali hantarsa na lalacewa. Wanda ya ci da daddare ya kwana ƙalau zai tashi ya ba maƙwabci shaida cewa babu komai.

Gaskiya ne akwai na ci. Dangin Termitomyces, da Bafaranshe Roger Heim ya raɗa wa suna a 1942, gara ce ke noma su a cikin suri, kuma ana cinsu a sassa da dama na Afirka. Alamarsu doguwar saiwa da ke nutsawa har ɗakin gara. To amma fitowa kusa da suri ba shaida ba ce. Akwai wani, Chlorophyllum molybdites, da ya yawaita a ƙasashe masu zafi, fari, babba, mai kyan gani, yana fita cikin ciyawa bayan ruwa. Yana ƙarami shafukansa farare ne tas, sai ya manyanta suke komawa kore-kore. Cikin 'yan sa'o'i yake sa amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini. Idan kwalara na yawo a Zamfara, wa zai kawo tunanin miyar jiya?

Ga kuma naman kaza na zuƙar dalma daga ƙasa, abin lura a yankin da haƙar zinariya ke gurɓata ƙasa da dalma.

Saboda haka, jama'a, wanda ba ku gaji cinsa daga iyaye da kakanni ba, ku bar shi inda yake. Ko wanda aka sani ɗin, a haƙo shi da gindinsa gaba ɗaya, kada a yanke, domin a gindin ake ganin saiwar ko wata 'yar jaka da masu guba da yawa ke da ita. Kada a haɗa iri biyu a ƙwarya guda. A cire laimar, a kifa ta a kan farar takarda, a rufe da kwano ya kwana. Idan ƙurar da ta zuba koriya ce, a zubar nesa da yara da awaki. Wani launin kuma ba izinin ci ba ne. Iyaye mata, a daina aiken yara su tsinto. Masu dogaro da manhajar waya ta gane musu, ku ji tsoron Allah, waya ba ta ganin abin da ke cikin ƙasa.

Idan an riga an ci kuma ciki ya murɗa, kada a tsaya ɗura manja ko nono ko jiƙon tsamiya, ba sa karya wannan guba. A ba da ruwan gishiri da sukari a hanya, a nufi asibiti da ragowar miyar da ɗanyen da ya saura, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci. Duk wanda ya sa hannu a kwanon a tafi da shi, ko da ya ce garau yake ji.

Wanda kuwa ya ga nau'in da bai taɓa gani ba, ya ɗauki hotonsa a inda ya fito, sama da ƙasa, ya shanya shi, ya rubuta rana da wuri, ya kai wa malaman kwalejin aikin gona ta Bakura ko sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Can ya dace a kai shi, ba madafa ba.