Yadda Aka Gina Manyan Rumbunan Katako a Ingila

Idan aka ce rumbu, mu Hausawa abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗan ginin laka mai jinka. A Ingila kuwa, a ƙarni na 13 zuwa na 15, rumbu katafaren gini ne na katako. Dalili shi ne ruwan sama ba ya ɗaukewa a can ko da lokacin girbi. Idan aka bar damman alkama da sha'ir a fili, sai su ruɓe, abincin shekara ya salwanta. Don haka dole a shigar da su ciki, a yi ta sussuka a hankali cikin hunturu.

Misali shi ne rumbun Harmondsworth, kusa da filin jirgin saman Heathrow. An gina shi tsakanin 1425 da 1427, tsawonsa kuma ya kai mita 58. Akwai wanda ya girme shi a Cressing Temple, a yankin Essex, wanda aka gina tun farkon ƙarni na 13, yana nan tsaye har yau.

To, yaya aka yi ginin? Kafintoci sukan yi aiki da wani itace mai tauri da ake kira ok. Tun yana ɗanye suke sassaƙa shi, domin idan ya bushe yana wahalar da gatari. Ba da ƙusa suke haɗa katakan ba. Sai a fafe rami a jikin wannan, a fere harshe a bakin wancan, a zura, sannan a buga fegin itace. A ƙasa ake fara gwada kowace gaɓa, a sa mata lamba, kafin a ɗaga.

A ciki akan jera ginshiƙai sahu biyu, su ne ke ɗauke da nauyin rufi. Ba a binne gindinsu, akan ɗora su a kan dutse don kada laima ta ci su. Rufin kuma a tsaye yake sosai, ruwa ba ya kwanciya.

Galibi akan yi ƙofofi biyu suna kallon juna. Amalanke yakan shiga da kaya ta babbar. Ranar shiƙa kuwa sai a buɗe duka biyun, iska ta ratsa, ta kwashe ƙaiƙayi, ta bar tsaba.