Wa Ya Sa Wa Kanta Kananci A Baki?

Kwanakin baya wani ɗalibina ɗan Argungu ya same ni a ofis nan Birnin Kebbi riƙe da wasu takardu. Labarin Muhammadu Kanta ne, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zana shi hoto bayan hoto irin na littattafan jaruman Amurka, maganar kowa tana cikin da'ira a saman kansa. Zanen ya burge ni, musamman ganuwar Surame. Abin da ya tsayar da ni shi ne bakin Kanta, domin Kananci tsantsa yake yi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ai haka ake rubuta Hausa."

Ban ga laifinsa ba, hukunci ne da editoci suka yanke tun ba a haifi mahaifinsa ba. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Shi ne kuma ya ɗauko Abubakar Imam daga Katsina, ya tara masa littattafan Larabawa da na Turawa, aka samu Magana Jari Ce. Daga 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A kan teburan waɗannan bayin Allah aka daidaita rubutun boko, aka jingina shi da karin Kano. Mun ci riba ƙwarai, tunda Bakabe da Bazazzagi suna karanta shafi guda. Sai dai "shina" da "tahi" da "hwara" namu na yamma an bar su a bakin ƙofa.

Su ma Amurkawan da yaron yake koyi da su, tarihin jarumansu na zane rabinsa tarihin editoci ne. Julius Schwartz na kamfanin DC ya farfaɗo da Flash a 1956 bayan kasuwar jarumai ta mutu. Amma wanda ya fi jan hankalina a matsayina na mai nazarin harshe shi ne Stan Lee na Marvel. Tsarinsa shi ne ya tattauna labari da mai zane a taƙaice, mai zane ya je ya tsara komai, sannan shi Lee ya cike da'irorin magana. Da haka aka yi Fantastic Four da Jack Kirby a 1961, da Spider-Man da Steve Ditko a 1962. Kirby yakan rubuta abin da yake nufi a gefen shafi, sau da yawa kuma Lee ya sa abin da ya ga dama. Wato jiki na mai zane ne, baki kuwa na edita. Lee ya ba jaruman nan raha da ƙorafi irin na mutanen titin New York, shi ya sa aka so su. Amma suna da yabo duk suka tattara a kansa. Ditko ya yi gaba a 1966, Kirby ya bi sahu a 1970, kuma sai a 2014, shekara ashirin bayan rasuwarsa, iyalinsa suka sasanta da kamfanin.

Mu kuwa matsalarmu ta juye. Tun da adabin kasuwar Kano ya kankama a shekarun 1980, marubuci shi ne editan kansa, shi ne maɗaba'a, wani lokaci ma shi ne dillali. Ba mai danne shi, ba kuma mai ce masa nan ka kauce. Ni a ganina wannan rashin ya fi danniyar Lee illa, domin ɗalibina bai zaɓi Kananci ba, bai ma san akwai zaɓi ba.

Don haka na ɗauki jan biro, na yi abin da edita ya kamata ya yi. Na ce ya bar bayanin mai ba da labari cikin daidaitacciyar Hausa, amma Kanta da mayaƙansa su yi Kabanci. Ban rubuta masa ko jimla ɗaya ba, kuma na gargaɗe shi kada in ga sunana a bango. Ya ce hutun nan zai riƙa zama wajen dattawan da ke hira kusa da gidan tarihi na Kanta a Argungu, da littafi a hannu.